Idon da ke Duban Yamma

Tun ranar suna ungozoma ta raɗa mini:
"Hurera, yaron nan naki wuri biyu yake kallo."
Na ce albarka ce. Na ja zane na lulluɓe shi.

Idon dama yana kaina,
na hagu ya bi ta saman kafaɗata,
ya haura katanga, ya wuce gonar dawa,
ya tafi inda ban sani ba.

Kakarsa ta ce ita ta sani.
"Yamma yake duba. Gida yake duba.
Da ƙafa iyayenmu suka fito, za su Makka,
suka sauke kaya a Mai Wurno, bakin kogin nan,
suka ce bari mu huta damina ɗaya.
Ga shi har yau ana hutawa.
Ido ɗaya gabas, ɗaya yamma.
Kowa a garin nan harara-garke ne,
na Mujtaba ne kawai ya fito fili."

Shekara shida ina dariyar wannan magana.
Na daina ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi,
ya ƙona yatsa, bai yi kuka ba,
ya ce, "Inna, kofin ne ya matsa."
Da ranar da ɗan maƙwabta ya tambaye shi,
"Da ni kake magana ko da jakinmu?"

Na sayar da tunkiya da 'yan kunnen aurena.
Motar asuba ta kai mu Wad Madani,
ƙafafuna a kan buhun albasar wani.

Likita Ihlas ta zana ƙwayar ido a bayan takarda.
Ta ce igiyoyi shida ne ke riƙe da ita,
ɗaya ta cika ja.
"Za mu sassauta nan, mu ɗaure can."
Ubansa, da ya tsufa a cikin kwalekwale,
ya gyaɗa kai a karo na farko.
Ya san abin da igiya ɗaya ke yi wa jirgi.

Suka ce ya ƙirga zuwa goma.
Ya fara da Larabcin makaranta,
wahid, itnin, talata,
da barci ya kamo shi sai ya koma gida:
huɗu...
Biyar ɗin ni na ƙarasa masa a bakin ƙofa.

Fanka tana juyi kamar ba ta so.
Wata mata daga Gadarif ta miƙo mini dabino uku,
na riƙe su har suka yi gumi.
Agogon bango ya tsaya tun bara,
amma shi na yi ta kallo.

Washegari aka ɗaye auduga.
Idon ya yi ja kamar zoɓon da ya kwana.
Ya ƙifta, ya ƙifta,
sai duka biyun suka sauka a kaina lokaci guda.
Wallahi ni na sunkuyar da kai.
Rabin kallonsa na saba ɗauka,
ban san cikakken yana da nauyi haka ba.

A gida tsohuwa ta kama haɓarsa,
ta juya shi dama, ta juya shi hagu,
kamar mai tayin ƙwarya a kasuwa.
"Sun iya aiki," in ji ta.
Ta yi shiru.
"To yanzu wa zai riƙa duba mana yamma?"

Ba wanda ya amsa.

Da magariba ta kawo jiki
na ga ta ja kujerarta 'yar tsuguno,
ta juya wa kogi baya,
ta fuskanci inda rana ke faɗuwa.
Mujtaba na zaune a gefenta
da allurarta da baƙin zare.
Sau biyu ya kuskure.
A na uku zaren ya shige.